Gwaji na Ɗari da Arba'in da Bakwai

Ƙarfe biyun dare a Aboabo.
Telan da ke ƙasa ya rufe kekensa tun isha,
ruwan Kumasi na dukan kwano,
ni da kwamfuta muna kallon-kallo.
Gwaji ɗari biyu da sha ɗaya na jera,
duk sun wuce kore shar, kamar ganyen naɗe goro,
ban da guda.
Ya tsaya ja wur, ya kafe.

Faifan da nake jinya ba faifai ba ne.
Ba ya riƙuwa a hannu, ba ya faɗuwa ya fashe.
Fayil ne da ya koyi kwaikwayo:
ya ce wa na'ura, ni rumbu ne, zuba,
na'ura ta yarda, ta zuba.
Ni nake rubuta tafintan da ke tsakaninsu,
in ya yi tuntuɓen harshe, wuyana za a kama.

Abin haushi, ba kullum yake faɗuwa ba.
Sau tara ya wuce lafiya lau,
na goma ya zube, kamar da gayya.
Adwoa ta rubuto daga Accra tun la'asar:
"A wurina fa yana wucewa."
Na karanta, na kife wayar.

Na zargi agogon na'ura.
Na zargi wutar da aka ɗauke shekaranjiya
ina tsakiyar rubutu.
Na zargi wani baƙo da ya taɓa layin shekara shida baya,
na bi sawu, na tarar da sunana.

To, sai tone.
Na buɗe cikin faifan, lamba bayan lamba,
sifili, sifili, sifili,
can a gungu na dubu huɗu da casa'in da shida
sai ga tarkace:
guntun sunan wani fayil da aka goge tuntuni,
rabin kalma, wutsiyar wata lamba,
kaya a ɗakin da aka rantse babu kowa.

Faifan nan ɗa ne, yana da uba.
Abin da bai rubuta da kansa ba,
wurin uban yake zuwa ya tambaya.
Amma an faɗaɗa ɗan, ya fi uban tsawo,
in an tambaye shi abin da ke bayan iyakar uba
sai ya miƙa hannu cikin duhu,
ya damƙo duk abin da ya taɓa,
ya ce gado ne.
Ranar da duhun ke wayam, gwaji ya wuce.
Ranar da wani ya bar shara, ja.

Na tuna littafin bashin Baba Ɗantani,
na cinikin goro, da ajami,
yadda ya tsaya cak a tsakiyar shafi
ranar da ya kwanta.
Yayana Sidi ya yi wata uku yana cike sauran da ka,
har muka biya mutum biyu abin da ba su bi mu ba.

Gyaran layi ɗaya ne.
Inda uba ya ƙare, a zuba sifili.
A koya wa ɗa ya ce: nan ban gaji komai ba.

Na sake saka gwajin sau ɗari.
Na tashi na miƙe baya, ƙashi ya yi ƙara.
Saba'in. Tamanin da uku.
Ladan ya gyara murya a lasifika,
Maman Sahura ta fara jan bokitin koko bakin titi.
Ɗari. Kore.

Na rubuta wa Adwoa bayani, layi uku, babu gori,
ko da yake na rubuta gorin na goge sau biyu.
Na ɗauki kofi da sidi biyar,
na sauka da silifas ɗaya nawa, ɗaya na tela.